Jan Zare a Bakin Tarko

Igiya, ƙaramin gatari, rabin burodi, cuku, da buhun da babu komai a ciki. Abin da ke bayana ke nan lokacin da muka wuce gadar katako muka kama hawan dutse. Sajan Parvan na 'yan sanda bai ɗauko komai ba sai tumbinsa.

Da safen nan aka sauko da gawar Kawu Nedyo mai zuma. Ya hau ne ya lulluɓe amyoyinsa da ciyawa, don sanyi ya zo da wuri. Tarkon ƙarfe ya kama ƙafarsa kusa da maɓuɓɓuga. Da bai dawo ba matarsa ta bi gida gida, maza suka ce sai gari ya waye. Gari ya waye, sanyi ya riga su. Kafin Sajan ya iso daga birni, mutanen ƙauyenmu Brezak sun gama shari'arsu: Mitrush mai gawayi ne ya kafa tarkon.

"Iglika, tsaya in sha iska," in ji Sajan. "Ke ba ki da huhu ne?"

"Rana na ɗagawa. In ka sake zama, sawun zai narke."

Bin sawu shi ne aikina a ofishin gandun daji. A hannun babana na fara, na je Kanada na ƙaro da takarda, na dawo bayan an binne shi.

Tarkon yana nan ɗaure da sarƙa a gindin itace, inda maza suka yar da shi. Sabo ne, har da man masana'anta a jikinsa. Irin wannan ba ya buɗuwa sai mutum ya taka sifirin dama da na hagu da ƙafafunsa biyu. Wanda ya kama kuwa ƙafa ɗaya ta rage masa. Kawu Nedyo ya san haka, amma ya gwada. Ƙasar wurin a tone take da farce. Ga karyayyun sanduna da ya yi ta cusawa tsakanin haƙoran.

"Na kyarkeci ne?"

"Nasa ne. Amma in mun sauka kar ka kira sunan nan."

"Saboda me?"

"Kwanakinsu ne. Duk makon nan ba a kiran sunansu a Brezak, 'yan uwa ake cewa. Ba a hawa dutse in rana ta karkata. Shi ya sa ba wanda ya fito neman tsohon jiya."

"Ke ma kin yarda da wannan?"

"A'a. Amma ina so su amsa mini tambaya."

Dusar ƙanƙarar da ta sauka bayan an kafa tarkon ta shafe sawun mai shi. Masu ɗaukar gawa sun tattake sauran. Sai a ƙarƙashin itatuwa na ga sawun alfadari, ƙafar baya ta hagu ba takalmin ƙarfe. Na nuna wa Sajan.

"Na wa?"

Da ma a ce ban sani ba. "Na Mitrush."

Ya yi murmushi irin na wanda zai kwana a gidansa yau.

* * *

Mun tarar da maza sun kewaye bukkar Mitrush, ɗaya riƙe da galan ɗin kananzir. Tanas makiyayi ne a gaba.

"Ga 'yar Kanada," ya ce. "An tura ta ƙetaren teku ta koyo shinshinar kashi."

"Na koyo, Kawu Tanas. Tun daga gada na san kana nan."

Wasu suka yi dariya, suka tuna akwai gawa a gari, suka daina.

Mitrush na zaune a kan kututture, baƙi ƙirin da gawayi. Daga bayan dutse ya zo tun ina yarinya, ba shi da kowa a nan. Ya taɓa zama gidan yari saboda tarko, kuma Brezak ba ta mantuwa.

"Alfadarinka ya bi ta maɓuɓɓuga," in ji Sajan.

"Hanya ce, ranka ya daɗe. Yana bi ta gaban coci ma. Sai ku ce shi ya ɗaura auren 'yar Tanas?"

"Ka ji ɗan banza!" Tanas ya yi kansa, aka riƙe shi.

Na tsugunna gaban Mitrush. "Yaushe ka bi?"

"Ranar Laraba, da itace. Ban ga komai ba."

"Kana da tarko?"

"Sun kwashe duka tun wancan karon. Ke kin ga na saman, ko? An ce sabo ne, da mai a jiki. Ni in zan kafa, sai na dafa shi da ɓawon itace, na turara shi da hayaƙi har ƙarnin ƙarfe ya fita. Wanda ya kafa wannan, ganin tarko ya iya, ba kafa shi ba."

"Kun ji?" wani ya yi ihu daga baya. "Ya ce in zai kafa!"

Sajan ya dubi galan ɗin, ya dubi mutanen. Ya sa Mitrush a gaba ya kai shi ofishin ƙauye ya kulle. Ya ce don tsaron lafiyarsa ne. A hanya kuma ya gaya mini ranar Litinin mota za ta zo ta kai shi birni.

"Sawun alfadari ba shaida ba ne," na ce.

"Tsohon laifi, sabon sawu, ƙauye guda sun yarda. Alƙali ba zai nemi ƙari ba. In kina da wanda ya fi shi, kawo."

* * *

Ina da Tanas. 'Yan uwa sun cinye masa tumaki da yawa bana, kuma kowa ya ji shi yana rantsuwa sai ya shimfiɗe dutsen nan da ƙarfe. Muka same shi a garke.

"Na faɗa," ya ce. "Barasa ce ta faɗa, amma bakina ta ara. To sai me?"

"Sai ka kafa wa kyarke..." Sajan ya fara.

Matar Tanas ta yi alamar gicciye, ta tofar da yawu gefe. "Ranka ya daɗe, ba a gidana ba. In kana so ka kira su, ka kira su ƙofar ofishinku."

Ta shiga ɗaki ta fito da almakashin askin tumaki. An naɗe bakinsa da jan zaren ulu, an ƙulle tam.

"Ka gani? Daren da kwanakin za su shiga muke ɗaure duk abin da ke da baki. Almakashi, awartaki, komai. Bakin ƙarfe a ɗaure, bakinsu a ɗaure. Ba saƙa, ba ɗinki, ba yanka."

"Yanzu ka gaya mini," in ji Tanas, "wane makiyayi ne zai wangame muƙamuƙin ƙarfe a makon nan? In buɗe musu baki da hannuna a kan garkena? Hauka nake? Ko da za a ba ni tumakin duniya."

Na yarda da shi. Tsoronsa na gaske ne.

Da za mu tafi ya biyo ni bakin shinge, ya rage murya. "Akwai ɗan'uwa da ya yi ta kuka a saman kwazazzabo tun ran Alhamis. Ba kukan yunwa ba. Jiya ya yi shiru."

* * *

Shago ɗaya ne a Brezak, na yayana Kalin. Gaba kanta ce da tebura inda maza ke shan barasar da muke kira rakiya, baya ɗakin ajiya, sama gidanmu. Sajan ya ce ko don cika aiki sai ya tambaya.

"Tarko?" Kalin ya buɗe hannuwa. "Da babanmu na sayarwa. Tun da aka hana, ko ɗaya bai shigo ba. Ga abin da nake da shi."

Ya sauko da kwalin tarkon ɓera. Kowanne an naɗe shi da jan zare.

Sajan ya fashe da dariya. "Har ɓera?"

"Aikin Inna ne. Jiya wani ya zo sayen filaya ta kore shi da tsintsiya."

Inna Velika na zaune a kujerarta kusa da murhu, inda take wuni. Kunnenta ya yi nauyi. Ta ga ana dubanta, ta ce, "Ya ci abinci kuwa? Iglika, mutumin nan ya rame."

Ita ke rina zarenta. Tun da babanmu ya mutu take murɗa baƙin sili ɗaya a cikin jan. Har a wuyan safata akwai shi.

* * *

Washegari na hau ni kaɗai. Ina tafe ina soka sanda a gabana kafin in ajiye ƙafa.

A saman kwazazzabo na fara ganin hankaki, sannan jini. An toshe wani ɗan lungu da ƙaya, an rataye kan rago a ciki. Gaban lungun ƙasa ta zama fili, an share ta da jiki iya tsawon sarƙa. Ɓawon itacen da aka ɗaure sarƙar a jiki duk an ɓare shi da haƙori.

Tarko na biyu ne, a rufe yake. A bakinsa akwai ƙafar gaba ta kyarkeci, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba ƙarfen ne ya yanke ta ba. Mai ƙafar ce ta tauna. Na tsinci guntayen haƙora a cikin ƙanƙara, domin sai da ta gwada ƙarfen kafin ta koma kan ƙashinta.

Mace ce, ƙarama, haihuwar bara. Wayayye ba zai kusanci ƙarfe mai ƙarnin mai ba. Na bi sawun ƙafa uku zuwa gindin wani dutse. A can ta kwanta. Hankaki sun riga ni.

Na dawo na sare sarƙar. Da na juya tarkon zan jefa buhu, sai na ga abin. A gindin muƙamuƙin, inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, zare ya maƙale. An yanke shi da wuƙa cikin sauri, ƙullin ya rage. Ja ne, da baƙin sili ɗaya a ciki.

Na zauna a kan dutse na ci burodina, don hanya da nisa. Sannan na sauko.

* * *

Na sami Kalin a ɗakin ajiya yana jera gwangwanaye. Na rufe ƙofa, na buɗe masa bakin buhun.

Ya daɗe yana kallo. "Wa ya gani?"

"Ni."

"To shi ke nan. Kawo wuƙa in cire zaren."

"Yaya, kai ka kafa, ko sayarwa ka yi?"

"Sayarwa nake yi. Kin ɗauka gwangwanin kifi ke riƙe gidan nan? Daga ƙauyukan ƙasa suke zuwa, ta ƙofar baya. Ni ƙarfe nake ba su. Abin da suka yi da shi ba ruwana."

"Waɗannan fa?"

Ya zauna a kan gangar gishiri. "Wani mai otal a kwari yake son fatu don bangon ɗakin cin abincinsa. Na ce me zai sa in ba wani? Makon nan na zaɓa da gangan, Iglika. Ba mai hawa dutse. Duk suna gida suna ɗaure almakashi kamar ƙananan yara. Me ya kai tsohon nan sama?"

"Ƙudajen zumarsa."

"Ban yi niyya ba."

"Na sani. Ranar Litinin za a tafi da Mitrush."

"Mitrush ya saba. Ya san kwanon gidan, ya san gadon. Ba mata, ba ɗa. Ni fa? Wa zai duba Inna? Ke? Da kika tafi ƙetare wa ya ɗaga Baba yana juya shi a gado? Kin dawo da takarda za ki koya mana tausayin dabba."

Bai yi ƙarya ba a kan Baba. Ban musa ba.

"Gobe bayan jana'iza kowa zai taru a nan," na ce. "Ka faɗa da bakinka. Zai fi maka sauƙi wajen alƙali."

"Zare ne kawai, ƙanwata. Ɗan zare."

Na ɗaure buhun na fita da shi. A ofishin gandun daji ya kwana, ni ma haka.

* * *

Bayan an binne Kawu Nedyo aka cika shagon. Na roƙi Sajan ya kawo Mitrush. Da ya shigo da shi surutu ya mutu. Matar mamacin ta juya fuskarta bango. Tanas na tsaye bakin ƙofa da matarsa. Kalin na bayan kanta yana zuba rakiya. Inna ta hau sama ɗauko dafaffiyar alkamar da ake rabawa don mamaci.

Na jira Kalin. Ya ci gaba da zubawa, bai ɗaga kai ba.

Na zazzage buhun a kan tebur. Tarkon ya faɗi da ƙafar a bakinsa. Mata suka ja baya.

"A saman kwazazzabo na samo shi," na ce. "Irinsu ɗaya da wanda ya kashe Kawu Nedyo, hannu ɗaya ya kafa su. Ba Kawu Tanas ba ne, domin ba zai buɗe ƙarfe a makon nan ba. Ba Mitrush ba ne, domin ba shi da macen da za ta ɗaure masa wannan."

Na sa yatsa a kan ƙullin.

"Kowace mace a ƙauyen nan tana da jan zare," in ji Kalin. Muryarsa daidai take.

Matar Tanas ta matso, ta sunkuya. Ta ɗago, idonta ya tafi kan matakala.

Inna ce ke saukowa da kwano a hannu biyu. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta ga abin da ke kan tebur, ta ajiye kwanon, ta yi alamar gicciye.

"Wa ya kwance wannan? Wane mara hankali ne? Da hannuna na ɗaure shi!"

Sajan ya matsa kusa da kunnenta. "Yaushe, Inna?"

"Daren Talata, da kwanakin za su shiga. Ina neman awartaki na gan su cikin buhu bayan gangar gishiri. Na ce irin wannan baki ba zai kwana a gidana ba ɗauri ba. Ɗaya bayan ɗaya na naɗe su, har zarena ya kusa ƙarewa."

"Na sayar da su," Kalin ya ce da sauri. "Baƙo ne. Ban riƙe fuskarsa ba."

Sajan bai kula shi ba. "Inna, tun daren nan an sayar da wani abu mai baki a shagon nan?"

"A gabana? Ko allura ba ta fita ba. A kujerar can nake wuni, mabuɗin ƙofar baya kuma yana wuyana sai kwanakin sun wuce. Ba mai shiga ajiya sai ni da..."

Ta tsaya. Ta dubi ƙafar da ke bakin ƙarfen, ta dubi matar Kawu Nedyo, sannan ta dubi ɗanta.

Rakiya ta cika kofin tana zuba a kan kantar shagon. Kalin ya ajiye kwalbar.

Tanas ne ya fara motsi, Sajan ya tare shi da ƙirji. "Wanda ya taɓa shi zai bi shi mota." Ya juya ga Kalin. "Akwai saura a sama?"

Akwai. Kalin ya faɗi wuraren a hankali, ina saurare. Ɗaya yana bakin hanyar da mata ke bi zuwa itace da zarar kwanakin sun wuce, wato jibi.

Sajan ya cire wa Mitrush ankwa. Ba wanda ya dube shi. Ya shafa wuyan hannunsa, ya ce, "Akwai wanda ya ba alfadarina ruwa?"

Babu. Ya fita.

* * *

Sai da na kwashe sauran na dawo gida, rana ta kusa faɗuwa. An tafi da Kalin. Shagon a kulle. Inna na tsaye a ƙofar gefe, ta sa baƙar rigarta.

"An ce alƙali zai kira mu," ta ce.

"Zai kira."

"Zan ce masa na ruɗe. Tsohuwa ce ni, ba na ji, ba na gani. Zan ce na ba mata da yawa zaren nan. Ke kuma ki ce ba ki tabbata ba ko a jikin ƙarfen kika same shi."

"Inna, Kawu Nedyo ya..."

"Nedyo ya tafi, Allah ya ba shi hutawa. Ba zai dawo ba ko an rataye Kalin. Kin sani tun jiya, ko?"

"Na sani."

"Kika bar ni na sauko da kwano a hannu. Kika bar ni na faɗa da bakina, a gaban mutane."

Ban tsara haka ba, amma da na gan ta a kan matakala ban hana ta ba. 

"Ɗa ɗaya gare ni a gidan nan," ta ce. "Shi ya zauna. In za ki shigo, ki shigo da abin da na gaya miki."

Ta jira. Hannunta na kan ƙyaure. Ban taka dokin ƙofar ba.

Ta rufe. Na ji sakata ta shiga.

Na san ba lallai ta ji ba, don haka na sa bakina a jikin katakon na ɗaga murya.

"Inna, abin da na gani zan faɗa."